WUTAR DA IDO BA YA GANI

Wannan shi ne cikakken jawabin da wani injiniya ya gabatar a gaban taron maƙera da masu walda da ma'aikatan masana'antun ƙarfe, game da tsaron lafiyar masu aiki da injin nan na zamani mai yanka ƙarfe da hasken leza.

Maganar da ta tara jama'a yau ita ce maganar wani inji wanda ya shigo masana'antu da nasa irin haɗari.

Tun kaka da kakanni maƙeri ya san wutarsa. Yana ganin gawayi ya yi ja, yana jin huci a fuskarsa, in kuwa ƙarfe ya yi zafi ba sai an gaya masa ya ɗauki awartaki ba. Haka nan mai walda, in ya kalli wutar walda ba gilashi, kafin gari ya waye zai ji idonsa kamar an zuba masa yashi, gobe kuwa ba zai kuma ba. Watau a waɗannan sana'o'i jikin mutum shi ne mai gadinsa na fari. To, injin leza ya rushe wannan tsohon lissafi, gama hasken da yake yanka ƙarfe da shi ido ba ya ganinsa, ba ya kuma yi wa mutum kashedi kafin ya yi ɓarna. Saboda haka tsaron mai aiki da shi ya rataya ne a kan rufin injin, da makullan tsaronsa, da ƙa'idar da aka kafa a wurin aiki. Waɗannan kuwa haƙƙi ne na ma'aikaci, nauyi ne kuma a wuyan mai masana'anta.

ASALIN INJIN

A shekarar 1960 ne wani masani mai suna Theodore Maiman ya fara fitar da hasken leza a Kalifoniya ta ƙasar Amurka. A 1964 Kumar Patel, haifaffen ƙasar Indiya, ya ƙirƙiro irin wanda ke aiki da iskar kabon dayoksaid, shi ma a Amurka. A 1967 kuma, a Ingila, Peter Houldcroft ya haɗa wannan haske da iskar oksijin ya yanka fallen ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya. Daga nan sana'ar ta samo tushe. Bayan shekara ta 2000 sai aka samu sabon samfuri wanda haskensa ke fitowa ta cikin zaren gilashi, wanda ake kira faiba. Shi ya fi sauri, ya fi ƙarancin cin wuta, shi ne kuma ya fi yawa cikin injunan yankan ƙarfe da ake sayarwa yanzu, musamman waɗanda ake ƙerawa a ƙasar Sin. Ƙyamaren ƙofofi da tagogi masu zanen furanni da ake gani a sababbin gidaje a Ikko da Abuja da Kano, da yawansu aikin wannan inji ne.

Yadda yake aiki kuwa ba shi da wuyar fahimta. Yara kan ɗauki gilashin tabarau su tara hasken rana a wuri guda har takarda ta kama wuta. Haka injin yake yi, sai dai shi nasa hasken ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Yakan tattara shi a ɗan ɗigon da bai wuce kaurin gashin kai biyu ko uku ba, ƙarfen da sai ya kai zafin digiri 1,500 yake narkewa ya narke nan take, sa'an nan iska mai ƙarfi ta hure narkakken ya faɗa ƙasa.

Hukumar duniya mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki ta kasa leza aji-aji, daga aji na 1 wanda ba shi da haɗari har zuwa aji na 4, cikin ƙa'idarta mai lamba IEC 60825. Duk lezar da ƙarfinta ya wuce rabin wat tana aji na 4, watau mafi haɗari, wadda ke iya makantar da ido, ta ƙona fata, ta kuma ta da gobara. To, injin yankan ƙarfe matsakaici yana da ƙarfin wat 3,000, watau ya ninka wannan iyaka sau 6,000, akwai kuma masu wat 20,000 har da fiye. Abin da ya sa ake iya tsayawa kusa da shi lafiya shi ne rufin da aka kewaye shi da shi. In rufin yana nan cikakke, ana lissafa injin a aji na 1. Da zarar an buɗe rufin yana aiki, ya koma aji na 4, kowa da ke cikin ɗakin kuma ya shiga haɗari.

IDO

A nan ne ya kamata a daɗe, gama nan ne babbar hasara take. Ana auna tsawon zangon haske da nanomita, watau kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Idon ɗan Adam yana ganin hasken da ke tsakanin nanomita 400 da 700 ne kawai. Hasken injin faiba yana wajen 1,070, na injin kabon dayoksaid kuwa 10,600. Duka biyun sun fita daga abin da ido ke gani. Jan ɗigon da ma'aikaci ke gani a kan fallen ƙarfe ɗan haske ne mai rauni da aka sa don nuna wurin yanka. Tartsatsin da ke tashi kuma ƙarfe ne yake ƙonewa. Ainihin hasken da ke yin aikin ba wanda ya taɓa ganinsa da ido.

In haske mai ƙarfi irin wanda ake gani ya faɗa wa ido, mutum kan ƙifta cikin rubu'in daƙiƙa ba tare da ya yi niyya ba. Hasken da ba a gani ba ya ta da wannan ƙiftawa. Bugu da ƙari, hasken faiba yana ratsa gaban ido kamar yadda hasken rana ke ratsa shi, sai ido da kansa ya tattara shi a kan tantanin da ke can baya, inda gani yake, ya ƙara masa ƙarfi kamar sau 100,000. Wannan tantani kuwa ba shi da jijiyoyin jin zafi. Mutum na iya ƙonewa bai ji kome ba, sai daga baya ya lura da wani baƙin tabo a tsakiyar duk abin da ya kalla. In ƙunar ta sami tsakiyar tantanin, karatu da auna ma'auni da gane fuskar mutane da wannan ido sun tafi, tabon kuma ba ya komawa yadda yake da.

Ba lalle sai mutum ya leƙa bakin injin ba. Haske na iya dukan fallen alminiyam ko jan ƙarfe ko tagulla, ko wani ƙarfe mai sheƙi, ya karkata ya nufi wani gefe. Yaron da ke shara a can nesa, ko mai ciniki da ya shigo duba aikinsa, ko mai tallar abinci da ta tsaya a bakin ƙofa, kowannensu na iya gamuwa da shi.

Hasken injin kabon dayoksaid shi ba ya kai wa can bayan ido, gabansa yake ƙonawa, gilashi da roba mai garai-garai kuma suna tare shi in bai yi yawa ba. Wannan bambanci ya zama tarko ga tsofaffin ma'aikata. Wanda ya shekara goma yana aiki da tsohon injin, ya saba da cewa gilashi na kāre shi, in aka kawo masa faiba sai ya ɗauka duk ɗaya ne. Alhali kuwa hasken faiba yana wuce gilashin taga kamar babu shi. Tagar leƙe da ke jikin injin faiba gilashi ne na musamman, in ta tsage ba a maye gurbinta da gilashin kasuwa.

Haka maganar tabarau. Tabaran leza kowanne da irin hasken da aka yi shi dominsa, ana kuma rubuta wannan a jikinsa, tare da wata lamba mai nuna ƙarfin tacewarsa. Mai lamba 6, alal misali, kashi ɗaya cikin miliyan na hasken yake bari ya wuce. Tabarau na injin kabon dayoksaid ba ya amfani a kan faiba. Gilashin walda da baƙin tabarau na rana ba a yi su don wannan aiki ba, duhunsu ma yana sa ƙwayar ido ta ƙara buɗewa. Duk tabarau da ba a rubuta masa lambobinsa ba, ko wanda ya tsage, a ɗauke shi tamkar babu. Kuma ko da mai kyau ne, tabarau shi ne shinge na ƙarshe, na masu gyara da daidaita inji. Shinge na fari shi ne rufi.

Wanda duk ya yi zaton haske ya sami idonsa, ya tsai da aiki, ya gaya wa shugabansa, a kai shi wurin likitan ido a ranar, ko da bai ji zafi ba. Kada ya tsaya sa tozali ko maganin ɗiga na kyamis.

MAKULLIN TSARO

Kowace ƙofa ta injin kirki tana da wani makunni wanda ke kashe haske da zarar an buɗe ta. Sau da yawa a kan wannan ɗan makunni ne ake cin amanar ma'aikaci. Aiki ya yi yawa, mai kaya yana jira, buɗe ƙofa da rufewa na cin lokaci, sai a sa tef ko waya a danne makunnin, injin ya ci gaba da yanka ƙofa a buɗe. Akan yi wata shida ba abin da ya faru, har kowa ya ɗauka dabara ce ta ƙwararru. Ranar da abin zai faru kuwa, cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya zai faru, sa'an nan a ce tsautsayi ne. Abin da mutum ya ɗaure da hannunsa ba a kiransa tsautsayi.

Akwai kuma injuna waɗanda tun daga kamfani ba su da rufi, sun fi arha, don haka ƙananan masu sana'a suka fi sayensu. Araha dai ba ta ado. Wanda ya sayi irin wannan, wajibi ne ya keɓe masa ɗaki na kansa, mai bango da ƙofa waɗanda haske ba ya ratsawa, da fitilar gargaɗi a waje, da alamar leza mai launin rawaya da baƙi, kada kuma kowa ya shiga sai wanda aka horar, sanye da tabaran da ya dace. Ajiye irin wannan inji a buɗaɗɗiyar rumfa a bakin titi ganganci ne da idanun masu wucewa.

HAYAƘI DA ƘURA

Ido kan lalace cikin ƙiftawa, huhu kuwa a hankali yake lalacewa, shi ya sa ake raina haɗarinsa. Ƙarfen da injin ya narkar wani sashensa yana tashi ya zama ƙura mai laushi ƙwarai wadda ke shiga har ƙarshen huhu. Ƙarfen da ba ya tsatsa yana fitar da sinadaran kuromiyam da nikel, waɗanda hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta tabbatar suna jawo sankara. Ƙarfe mai rufin tutiya, irin na kwanon rufi, yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon jiki da ɗaci-ɗacin ƙarfe a baki sa'o'i kaɗan bayan tashi daga aiki, har ma'aikaci ya ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ya je ya sayi maganin da ba nasa ba. Roba irin ta bututun ruwa, wadda ake kira PVC, ba a sa ta cikin injin leza ko kaɗan, gama tana fitar da iska mai ƙona hanci da maƙogwaro da huhu, tana kuma cinye ƙarfen injin.

Maganin wannan shi ne na'urar zuƙe hayaƙi, wadda ke jan ƙurar daga ƙarƙashin teburin yanka ta tace ta. A ƙasar nan, in wutar lantarki ta ɗauke aka koma janareta, akan kashe wannan na'ura don a rage shan man gas, injin yanka kuwa a bar shi yana aiki. Man da aka tsimi, huhun ma'aikata ne ya biya kuɗinsa. Fanka ba ta maye gurbinta, sai dai ta watsa ƙurar ko'ina. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ta, madarar da wasu ke sha bayan aiki kuma ba ta wanke huhu.

ISKA DA GOBARA

Iskar da ake hure narkakken ƙarfe da ita yawanci oksijin ce ko naitirojin. Kowace da nata halin. Oksijin in ta yi yoyo ta cika ɗaki, tufafin mutum kan kama wuta da ɗan tartsatsi, mai ko giris kuma in ya haɗu da ita a bakin tukunya yana iya kamawa da kansa. Saboda haka ba a taɓa bakin tukunyar oksijin da hannu mai maiƙo. Naitirojin ba ta da wari ba ta da launi. Iskar da ake shaƙa kashi 21 cikin ɗari oksijin ce, in ta sauko ƙasa da kashi 19 da rabi an shiga haɗari, in naitirojin ta kore ta sosai a ƙaramin ɗaki mutum zai faɗi ba tare da ya ji alamar shaƙewa ba. Tukwanen iska a ɗaure su tsaye da sarƙa, a inuwa, a inda iska ke kewayawa.

Ƙurar alminiyam tana fashewa, in kuwa ta cakuɗa da ƙurar baƙin ƙarfe a cikin na'urar zuƙe hayaƙi tana iya ta da wuta mai tsananin zafi. Don haka a share na'urar kafin a sauya daga wannan ƙarfe zuwa wancan. Wutar ƙurar ƙarfe ba a kashe ta da ruwa, sai da busasshen yashi ko hodar da aka yi musamman dominta. Masu yanka katako da fata da kwali da ƙananan injuna, su kuma dokarsu ɗaya ce: ba a barin inji yana yanka a tafi cin abinci. Ƙofofin fita kuma su kasance a buɗe muddin akwai mutum a ciki. Jama'a ba su manta da gobarar da ta tashi a wata masana'antar roba a Ikorodu cikin watan Satumba na 2002 ba, inda ma'aikatan dare masu yawa suka halaka, rahotanni kuma suka nuna ƙofofi a kulle suke.

LANTARKI DA NAUYI

Mai gyara ya fi kowa kusa da mutuwa. Bututun injin kabon dayoksaid yana aiki da dubban bolt, akwai kuma sassan da ke riƙe wuta ko bayan an kashe makunni. Ƙa'ida ita ce mai gyara ya kashe babban makunni, ya sa masa kwaɗo nasa na kansa, ya jefa mabuɗin a aljihu, ya rataya takarda mai sunansa, ya kuma auna ya tabbatar wuta ta fita kafin ya sa hannu. Wannan ya fi muhimmanci a inda wuta ke ɗaukewa tana dawowa ba sallama, ko inda wani can a waje zai ta da janareta bai san akwai mutum cikin inji ba.

Kan injin yana iya gudun fiye da mita 100 a minti ɗaya, teburin da ke sauya fallaye kuma yana iya matse mutum. Fallen ƙarfe mai tsawon mita 3, faɗin mita ɗaya da rabi, kaurin milimita 10, nauyinsa ya haura kilo 350, watau buhu bakwai na siminti. Ba aikin ƙarti huɗu ba ne, aikin na'urar ɗaga kaya ne. Safar hannu ta fata da takalmi mai bakin ƙarfe wajibi ne, gama abin da aka yanka yana fitowa da zafi da kaifi.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar Masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ta girmi injin faiba, amma ƙa'idojinta sun hau kansa. Ta wajabta a yi wa masana'anta rajista, a killace sassan inji masu haɗari, a fitar da ƙura da hayaƙi masu cutarwa, a ba ma'aikata kayan kariya. Ta hana a sa mutum a kan inji mai haɗari sai an bayyana masa haɗarin, an kuma horar da shi ko an sa ƙwararre yana lura da shi. In haɗari ya jawo mutuwa, ko ya hana mutum aiki fiye da kwana uku, dole a sanar da sufeton masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya.

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta ɗora wa mai kamfani biyan kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashin da yake biya kowane wata ga asusun NSITF, ta kuma haramta masa cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Wanda ya ji rauni ya sanar da mai kamfani cikin kwana 14, a kuma shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya. Har wa yau, Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1981, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1994, ta ce ma'aikacin da ya janye daga aiki don yana da hujjar ganin ransa ko lafiyarsa na cikin haɗari na nan take, ba a hukunta shi a kan haka. Ma'aikacin da ya ƙi aiki da injin da aka danne wa makunnin ƙofa yana kan haƙƙinsa.

Saura aiki ya rage ga ƙungiyoyin ma'aikata. Littattafan waɗannan injuna da Turanci ko da Sinanci suke zuwa, yawancin yaran shago kuwa ba su karanta ko ɗaya. Ya kamata a rubuta ƙa'idojin da Hausa da Yarbanci da Ibo a manna a jikin kowane inji, a kuma naɗa mutum ɗaya a kowace masana'anta wanda ke riƙe da mabuɗin injin, mai ikon tsai da aiki in ya ga ba daidai ba, ko da mai gida ne ya ce a ci gaba. Kowace safiya a duba rufi da taga, a gwada makunnin ƙofa da jan maɓallin tsayawa, a ta da na'urar zuƙe hayaƙi kafin a ta da haske. Duk wannan bai fi minti goma ba.

Injin leza ya kawo sauƙi da tsabtar aiki irin waɗanda guduma da kurfi ba su taɓa kawowa ba, ba kuwa wanda ke neman a koma baya. Sai dai mai masana'anta ya tuna cewa in gilashin kan injin ya ƙone ana sayo wani a sa cikin sa'a guda, amma yaron da ya bar garinsu ya zo birni koyon sana'a, in ya rasa tsakiyar ganinsa yana ɗan shekara ashirin, haka zai rayu da shi, diyya kuma kome yawanta ba ta mayar masa da aikin da ya zo nema. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Ana roƙon kowane mahalarci, in ya koma wurin aikinsa gobe da safe, ya fara da duba makunnin ƙofar injinsa.